Mai Zungurin Direban Tanka

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, mutum ne da ilimi ya zaunar da shi, tsoron Allah ya rage masa magana, har yakan wuni bakinsa bai furta komai ba sai karatu da zikiri. Karamominsa suna da yawa, ko da yake shi bai taɓa kiran ko ɗaya da wannan suna ba.

Cikin masu zama can baya a wajen karatunsa akwai wani direban tanka, ƙato mai kaurin wuya, wanda abokan aikinsa ke kira Janareta saboda minsharinsa. Fitsarin dare ya sa shi gaba. Yana kwanciya sai ya farka ya nufi banɗaki, ya dawo, ya sake farkawa, gari ya waye masa da ciwon kai da nauyin ido. An auna shi babu suga, sai hawan jinin da ya ƙi jin ƙwaya. Ya daina shan ruwa daga la'asar, duk a banza. Ranar da gyangyaɗi ya kwashe shi a kan sitiyari, tanka cike da mai ta sauka daga kwalta, mai motar ya karɓe makulli ya ce sai ya warke.

Ya je ya durƙusa gaban Shehu. "Allah gafarta Malam, a taimaka da addu'a a ɗaure mini wannan fitsari. Shi ke tashina."

Shehu ya dafa masa ƙirji, ya yi addu'a gajeriya, sannan ya ce, "Ba shi ke tashinka ba. Akwai mai zungurinka. Ka yi godiya, ka je wurin likita. Ka ce masa numfashi, kada ka ce fitsari."

Direba ya koma gida, shi dai aljani ya fahimta. Ya tarar da mai ɗakinsa tana ninke kaya a bakin gado, ya gaya mata. Ta ajiye rigar, ta nuna masa gwiwar hannunta.

"Ga aljanin naka, Baban yara. Minsharin bai dame ni ba, shirun ne ke tsinka mini zuciya. Ka ja, ka ja, sai ɗif, ƙirji na motsi iska ba ta shiga. In na zungure ka, ka shaƙa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ka miƙe kana zagin mafitsara."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kai da ka rantse ba ka minshari?"

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma Shehu bai taɓa taka gidan ba.

Likita ya kwantar da shi ya auna barcinsa, ya ce maƙogwaronsa ke rufewa, zuciya ta wahala, jini ya hau, jiki ya dinga tura ruwa waje. Aka ba shi na'ura mai hura iska ta hanci. Tashin dare ya ragu, jini ya sauka, makulli ya dawo hannunsa. Da ya je godiya, Shehu ya ce, "Ba ni aka ce ka gode wa ba."

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya buɗe wa bawanSa mai tsantseni. Allah Ya ɗaukaka darajarsa, Ya sa mu cikin albarkarsa, Ya ba mu numfashi mai sauƙi da makusanta masu zungurinmu idan mun yi shiru. Amin.