Kwalaben Dakta Sambo

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, akwai shari'ar da nake so ku yanke mini.

An yi wani masani, Dakta Sambo Wurno, mai binciken ƙananan ƙwayoyin da suka taru suka zama jikin mutum. Shi yakan ce ƙwayoyin nan aike suke wa juna: ki ci, ki hayayyafa, ki dakata. Ƙwayar ciwon daji ita ce wadda ta toshe kunne ga "dakata", ba ta da aiki sai zuƙar sukari da hayayyafa kamar gara. Shekara ashirin yana neman ƙofar da abincin ke shiga don ya rufe ta. Ana haka ciwon ya kama shi a hanta. Da aka yi masa aiki, ya roƙi likitoci ɗan abin da suka yanko, ya raine shi cikin kwalabe shida a ɗakin gwajinsa. Bai ga damina ba. Allah Ya ji ƙansa, har yau in na tuna shi zuciyata karyewa take.

Ranar jana'iza wansa, Alhaji Nomau, ya ce a kawo kwalaben a haɗa da gawa. "Naman ɗan'uwanmu ne. Ko yatsa aka yanke wa mutum binne shi ake yi." Ni ban ga laifinsa ba, haka muka tashi muka tarar. Amma mabuɗin ɗakin yana ƙulle a haɓar zanen matar mamacin, Ladidi. Ta durƙusa tana kuka ta ce, "Yaya, ku gafarce ni. Amana ya bar mini." Dangin miji suka juya mata baya, har ta fita takaba ba wanda ya leƙo ta. Abin da ya fi cin ranta kuwa, ita kanta ba ta tabbata ta yi daidai ba. Da ta kwance mabuɗin nan, da magana ta ƙare a ranar.

Sai Malam Ɗanjuma, ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ke canza wa ƙwayoyin ruwan abinci duk bayan kwana biyu. Ba sa rayuwa sai da ɗumi irin na jikin mutum. Tsakiyar damina wuta ta ɗauke, janareta ya ƙone, akwatin ɗumin ya huce. Mutumin nan ya toshe bakin kwalaben, ya ɗaure su a cikinsa da rawani. Kwana shida yana salla a zaune, yana tafiya a hankali kamar mai tsohon ciki, abokan aiki na yi masa dariya. A rana ta uku aka kira shi cewa mahaifiyarsa ta rasu a ƙauye. Tafiyar awa biyar ce a kan babur, hanyar duk gargada, kwalaben ba za su jure ba, kuma gawa ba ta jira. Bai je ba. Cikin shidan, biyu suka rayu.

Ta ukun mutanen ita ce Dakta Hansatu, ɗalibar Dakta Sambo, marainiyar da shi ya tsaya mata waliyyi ranar aurenta. Shekara uku tana bin littafin bincikensa layi-layi, ba abin da ya fito. Daga baya ta gano inda gizo ke saƙa: in an rufe ƙofar sukari, ƙwayoyin sai su koma cin kitse ta wata ƙofar da malamin bai gani ba. Ta miƙe a taron masana ta ce, "Malamina ya yi kuskure." Aka kira ta butulu, aka ce jira ta yi ƙasa ta rufe masa ido. Ta shanye, ta rufe ƙofofin biyu tare, ƙwayoyin da ta gwada a kansu suka mutu da yunwa. Ban ce an sami magani ba, kada ku je ku ce ni na faɗa. Amma hanya ta buɗe.

Yanzu masana daga nesa suna neman a aika musu da irin ƙwayoyin, kuma dole a raɗa musu sunan da za a manna a jikin kowace kwalba. Kowa ya ɗauka sunan Sambo za a sa. Sai Hansatu ta buɗe shafin ƙarshe na littafin, inda rubutunsa ya riga ya karkace saboda ciwo: "Kada a sa sunana, ni tafiya na yi na bar aiki. A sa sunan mutum ɗaya, wanda ya riƙe ni bayan ba ni."

Su ukun suka zauna a ɗakin gwaji da littafin a tsakiyarsu, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya ta rasa dangi, ɗaya bai zuba ƙasa a kabarin uwarsa ba, ɗaya kuma ana nuna ta da baki har gobe.

To jama'a, alƙalami yana hannunku. Tsakanin Ladidi da Ɗanjuma da Hansatu, sunan wa za ku rubuta a jikin kwalbar?