Ranar da Dagaci Ya Kira Hayaƙi Shaida

An ce wai an yi wani dagaci a Kwarin Maje, Barmo sunansa, mutum mai jinkirin magana. Ni dai ba a bakin wani na ji ba, don ni Tabawa ni ce na kai ƙarar, a shekarun da kananzir ya fi fetur araha.

Malam maigidana ya rasu ya bar mini fadama da injin ban-ruwa guda. Da rani na dasa albasa, ta kama sosai. Sai inji ya soma tari, yana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido, ruwan da yake turowa bai fi na buta ba. Sau uku Mato bakanike yana kwance shi yana ɗaurawa, sau uku yana mutuwa. Kwana huɗu albasata ba ta sha ruwa ba. In aka ƙara uku, sai dai a saki awaki su cinye.

Na ja Mato har gaban dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan mutumin ya kashe mini inji. Ko ya tashe shi yau, ko ya ɗauki guga ya shiga gonata!"

Mato ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, aikina ba shi da laifi. Duk sanda na buɗe, sai in tarar fulogi ya yi baƙi, baƙin man da na zuba jiya-jiya ya tsinke yana warin fitila. Kananzir aka zuba a fetur ɗin. Ba ya ƙonewa duka, sai ya gangara ya wanke man, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe."

Na ce, "Rufe mana baki! A wurin Ilu nake sayen mai, ɗan ƙanena, wanda na goya a bayan nan."

Aka kira Ilu. Ya zo da galan ɗin fetur, dattawa suka shinshina, tas yake. Ya dube ni ya ce, "Haba Gwaggo, ni zan cuce ki?" Ya rantse, Mato ma ya rantse.

Dagaci ya dubi galan ɗin, ya dubi Ilu. Can ya ce, "Kowa ya rantse, albasa kuwa ba ta shan rantsuwa. Wanda ya san za a duba galan ɗinsa ba zai zo da mai datti ba. Yau da la'asar, duk mai inji a fadama ya tsaya kusa da nasa."

Injuna goma sha ɗaya ne, ban da nawa. Dagaci ya hau tudu ya ce a tashe su gaba ɗaya. Biyar suka turnuƙe suna tari, shida suna aiki sumul. Ya sauko yana bin su ɗaya-ɗaya, tambaya biyu kawai yake yi: wa ke maka gyara, kuma a ina kake sayen mai? Masu hayaƙin nan biyar, kowa da bakanikensa, amma dukansu a wurin Ilu suke saye. Cikin masu lafiya kuwa, huɗu Mato ke gyara musu, a gidan mai na gari suke saye.

Ya tsaya a kan inji na ƙarshe, wanda ko ɗigon hayaƙi ba ya yi. Na Ilu ne.

"Ilu, naka me yake sha?"

Ilu ya sunkuyar da kai.

Dagaci ya ce, "A ɗauki injin Ilu yanzu a kai gonar Tabawa, ya zauna can har nata ya tashi, gyaran kuma a wuyansa. Tumatirinsa ya shayar da guga. Daga yau, duk galan ɗin da zai sayar, ya fara zuba wa babur ɗinsa a gaban mutane."

Na ce, "Shi ke nan? Ba za a zane shi ba?"

Ya ce, "Iya, ruwa kika zo nema ko bulala? Kuma akwai wanda kika zaga a bainar jama'a."

Ban saba ba da haƙuri ba, amma na juya na ce, "Mato, na ɗau alhakinka." Ya yi dariya ya ce, "Iya, ki dai riƙa juye baƙin mai a kan lokaci, mun shirya."

Kafin magariba ruwa ya cika kwamin albasata, na ga ganyenta na miƙewa. Ilu har yau ban gama hucewa da shi ba. Barmo kuwa, Allah ya kai haske kabarinsa, Mato kuma Allah ya yi wa hannunsa albarka.

Wanda zai sayar maka da mai, kada ka saurari rantsuwarsa. Je ka dubi hayaƙin injinsa.