Gaskit ɗin Ranar Asabar

An yi wani mutum a nan Minna, mazaunin Limawa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye. Yana sallah, ba ya cin haƙƙin kowa. Ciwonsa ɗaya ne: son a kalle shi.

Yana da wata jar mota da ya gyara da hannunsa don gudu. Ya ƙara wa injin ƙarfi, ya cire kafet da robobin da ke toshe ramukan ƙasan motar don ta rage nauyi. In ya taka ta a titin Bosso, sai kowa ya waiwaya.

Wata rana ya sayo sababbin bututun hayaƙi. Tsakanin bututun da injin akwai wani siririn faranti da makanikai ke kira gaskit, shi ke hana hayaƙi yoyo. Mai kayan gyara, Sanda, ya ce masa, "Yallaɓai, na ƙarfen sai sati mai zuwa zai iso daga Legas. Mai taushin ne kawai a ƙasa."

Mutumin nan ya fi Sanda sanin inji. Ya san mai taushin ba zai jure zafin motarsa ba. Amma ranar Asabar akwai wasan mota a bikin abokinsa, kuma ya riga ya cika baki.

Ya ce, "Ba ni shi haka."

Asabar ta zo, ya yi wasa, aka tafa masa. Gaskit ya ƙone a ranar. Ya ji sabon sautin da injin ke yi, ya gane. Na ƙarfen ya iso, bai je ya karɓa ba, don samari sun ce ƙarar motar ta ƙara daɗi.

Matarsa Lailatu ta ce, "Baban Zakiyya, duk lokacin da na shiga motar nan kaina sai ya yi ciwo."

Ya ce, "Ba ki saba da babbar mota ba ne."

Ya 'yan uwa, ya sani ko bai sani ba?

Ranar Juma'a ya ɗauki 'yarsa Zakiyya, mai shekara huɗu, zai kai ta wajen kakarta a Kuta. Ruwa ya tsuge, ya rufe gilasai. Hayaƙi yana shigowa ta ƙasa. Yarinyar ta kwanta a kujerar baya. Shi ma kansa ya yi nauyi, ya ɗauka gajiya ce.

Da suka isa, kakar ta fito da lema tana dariya. Ta buɗe ƙofar baya, ta kira jikarta. Ta sake kira.

Bai yi kuka ba. Har yau bai yi ba. Na je masa ta'aziyya, ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni ko ruwan ya ɗauke. Lailatu ta koma gidan iyayenta. Yanzu yana zaune ne a ƙofar gida, in an ba shi abinci ya ci, in an manta ba ya tambaya.

Ajali na Allah ne, ba musu. Amma za a tambaye mu sanadi. Wanda ya san gaskiya ya take ta don mutane su yaba masa, riya ta riga ta ci zuciyarsa, kuma ba kullum a kansa kaɗai masifar ke sauka ba.

Allah ya raba mu da son yabo, ya kiyaye waɗanda ya ba mu amana daga sharrin hannayenmu. Amin.