Za'afaran a Cikin Rawani

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Herat. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye.

Shekara goma sha tara yana aiki a shagon Haji Gulam Sakhi mai sayar da za'afaran, kayan ƙamshin nan mai tsada da ke rina shinkafa rawaya. Makulli a hannunsa, ma'auni a hannunsa. Haji kan ce, "Wannan ai ƙanena ne."

Da ɗan tsunkule ya fara. Ya ce a ransa, wannan me zai rage? Ya cusa a naɗin rawaninsa. Da hannu ya saba, sai ya riƙa cike giɓin da rinannen gashin masara. Masu saye suka fara dawo da kaya suna faɗa. Da Haji ya tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haji, ba na son zargi, amma a sa ido a kan Zalmai."

Zalmai abokin aikinsa ne, mai 'ya'ya biyar. Aka kore shi yana rantsuwa yana hawaye. Ranar abin ya dami mutumin nan. Amma washegari ya sake tsunkula.

Wata Talata da hantsi aka kira jana'izar wani ɗan kasuwa. Ya rufe shago ya bi jama'a, da abin da ya ɗiba a kansa. Suna maƙabarta ruwa ya ɓarke. Ya shafa goshi, sai ga tafinsa rawaya. Gemu rawaya, farar riga rawaya, ƙamshi ya gauraye wurin.

Wani dattijo ya ce, "Kai, shinkafar biki aka dafa a kanka?"

Ba wanda ya yi dariya. Haji, da shi ma yana wurin, ya dube shi ya ce, "Da ka roƙa, da na ba ka. Yanzu da wane ido zan dubi Zalmai?"

Mutumin nan ya so ƙasa ta tsage ya shige. Tun daga ranar bai sake taka kasuwa ba. Masallacin unguwarsu ma ya gagare shi. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin, ya mutu inda ba a san shi ba.

Kai da aka ba makulli, kana tsammani rawani zai ɓoye maka abin da Allah ya gani? Kai kuma maigida, kada ka bar ma'auni a hannun mutum ɗaya, kada ka kori bawan Allah da jin ta bakin wani.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya rufa mana asiri ranar da rawani ba ya rufe komai. Amin.