Abin da Ya Raba Kaza da Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

Wani a cikinku yana cika baki wai ya iya iyo, don kullum yana kwara ruwa a bayan ɗaki. Ban kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin "as".

Da can, Kaza ta fi kowa wanka. Safe da yamma tana gaban kasko da soso da sabulun salo. Ran nan ƙanwarta Zabuwa ta haihu a hayin kogi. Kaza ta haɗa kayan barka, gero da kanwa da yajin jego, ta ɗora ƙwarya a ka. Ita ce babbar ya. In ta je suna hannu rabbana, ta shiga bakin dangi ke nan.

Ta tarar kogi ya cika ya batse.

Kwaɗo ya ce, "Yaya Kaza, kawo ƙwaryar in haye miki da ita."

Ta ce, "Da waɗannan ƙurajen? Je ka yi wanka tukuna!"

Kunkuru ya ce, "Hau bayana."

Ta ce, "In hau ka mu isa ranar yaye?"

Agwagwa ta ce, "Ƙawata, kin iya iyo kuwa?"

"Ji ƙazama! Ke mai kwana a taɓo za ki koya mini ruwa? Yaushe na taɓa fashin wanka?"

"A wanka ke ce ke ɗibar ruwa. A nan ruwa ne ke ɗibar mutum."

Kaza ta ja tsaki. "Ruwa dai ruwa ne!"

Ta sa ƙafa, ruwa iya sawu. "Ko kaskona ya fi wannan."

Ta ƙara gaba, ruwa iya ƙirji. "Yauwa, haka nake so."

Ta ƙara gaba, ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa. Tsundum!

To, me ta sani? Cuɗa. Sai ta hau cuɗa wuya, tana cuɗa hammata, tana nitsewa.

Agwagwa ta ce, "Buga ƙafa!"

"Ban gama baya ba!"

Sai da ta sha ruwa ta ƙoshi ta ce, "Wayyo Agwagwa, sarauniyar tsafta, taimake ni!"

Agwagwa ta cafki jelarta ta fitar da ita hayi. Ƙwarya kuwa ta bi kogi, kifaye suka sha kunun kanwa.

Kaza ta shiga gidan suna sharkaf, ba ko ƙwayar gero. Zabuwa ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Sannu Yaya. Ruwan wankan jego kika kawo mana?"

Gida ya ɗauki shewa.

Tun ranar Kaza ta rantse ita da ruwa sai dai sha. Shi ya sa take wanka da turɓaya. Wanka daban, iyo daban.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Mai musu ya leƙa gindin rumbu gobe da hantsi, ya dawo ya ƙaryata ni.