Kujerar da Aka Ɗaure da Wuri

Akwai wani manomi wanda matarsa ta yi doguwar jinya. Ƙafafunta suka kumbura, har tashi daga tabarma ya zama mata azaba. Sai 'yarsu Briskila ta aiko da kujerar katako daga birni, a wargaje cikin kwali, da notuna da takarda mai zane, domin uwar ta samu abin jingina.

Manomin ya zazzage katakan a tsakar gida. Matar ta ɗauki takardar, ta duba, ta ce, "Baban Briskila, an ce a sa kowane noti sako-sako tukuna. Sai duk katakan sun shiga, sannan a ɗaure."

Ya ce, "Rumbu uku na gina da hannun nan. Kujera ce za ta koya mini aiki?"

Ya kafa ƙafa ta fari, ya murɗe notinta har ƙarshe. Haka ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Da ya zo kan majingina, sai ta ƙi shiga. Abin da ya hana bai kai faɗin yatsa ba.

Matar ta ce, "Sassauta na farkon mana, maigida. Ba mai ganinka sai ni."

Amma sassautawa, a wurinsa, amsa laifi ce. Ya ɗauko taɓarya ya buga. Katakon ya tsage gida biyu.

Ya kwashe komai ya tura bayan rumbu. Akwai kafinta a garin, amma kunya ta hana shi zuwa. Matar ba ta sake ta da zancen ba. Ta ci gaba da jingina da bango, har damina ta faɗi, bangon ya yi sanyi. Kafin a yanke gero ta rasu a kan tabarmarta.

Ma'anar wannan misali ita ce: notunan nan maganganun da muke yankewa ne a kan junanmu. "Ba zan ƙara taka gidansa ba." "Na gama da ita." Mukan ɗaure su tun ba mu ga ƙarshen al'amari ba, ba mu bar wa ɗan'uwa wurin shiga ba. Ubangiji kuwa yakan aiko da mai faɗa mana mu sassauta, sau da yawa daga cikin gidanmu, da murya marar ƙarfi. Girman kai shi ne taɓaryar.

'Yan'uwa, ba da ka nake faɗin wannan ba. Shekara shida ba na gaisawa da ƙanena Habila saboda iyakar gona. Bara na taya haƙa kabarinsa.

In akwai wanda ka ɗaure magana a kansa, ka je ka sassauta yau, tun yana iya amsa sallamarka.