Jirgin Katako Na Muhandis Abdulfattah

Akwai wani matashi a Madina mai suna Abdulfattah, ma'aikacin sashen gyaran jirage a filin jirgin sama. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba musu. Matsalarsa ɗaya, tun ranar da aka fara ce masa "Muhandis", wato injiniya, kansa ya daina shiga hula.

Mahaifinsa, Baba Audi, kafinta ne. Daga Chadi ya zo, ya shekara arba'in yana haɗa ƙofofi a wata ƙaramar warsha, wato shagon aikinsa, kusa da masallacin Ƙiblatain. Idan ya yi wa ɗansa magana da Hausa, da Larabci ake ba shi amsa, ita ma a gajarce.

Wata shekara aka shirya baje koli na tarihin jirage a wurin aikinsu. Abdulfattah ya ɗauki alkawarin ƙera samfurin wani jirgin tsere na Faransa, wanda a 1913 ya wuce gudun kilomita ɗari biyu a awa. A zamanin da jikin sauran jirage ƙwarangwal ne da aka lulluɓe da ƙyalle, shi wannan da siraran katako aka yi jikinsa, an manna su hawa uku a kan ƙira, ya fito sumul kamar ɓawon ƙwai.

A warshar mahaifinsa ya yi aikin. Ya jera katakon nan hawa uku, duka suna kallon gefe guda, don ya fi kyau a ido.

Baba Audi ya duba ya ce, "Ɗana, katako jijiya gare shi. In ba ka gicciya hawa na biyu a kan na farko ba, zafin garin nan zai tsaga shi."

"Khalas, Abuya," in ji Abdulfattah, wato ya isa haka, Baba. "Wannan tayyara ce, jirgin sama, ba ƙofar banɗaki ba."

Ana cikin haka sai ga shugabansa, Muhandis Yazid, ya leƙo ganin aiki. Ya ga dattijo da garin katako har a gemu, ya tambaya wane ne.

Abdulfattah bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Najjar ne da yake taya ni aiki."

Baba Audi yana jin Larabci sarai, ya san najjar kafinta ake nufi. Ya ci gaba da shara.

Saura kwana huɗu baje koli, Abdulfattah ya bar samfurin a bayan mota da azahar. Kafin ya dawo, jikin ya tsage tun daga hanci har wutsiya. Ya kawo shi warsha ya ajiye.

Tsohon bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ture ƙofofin mutane gefe, ya fere sabon katako, ya manna hawa uku, kowane a gicciye a kan na ƙasa. Kwana uku yana yi, yatsunsa duk gam.

Ranar baje koli shi ya riƙo jirgin a cinya, nannaɗe da bargo, har filin jirgi. Da aka shiga zaure sai ya koma can baya ya tsaya, bargon a hannu.

Yazid ya leƙa ta kujerar matuƙi, ya ga yadda hawa-hawan suka gicciye.

"Masha Allah. Haka masu jirgin suka yi shi tun asali, shi ya ba shi ƙarfi ba tare da nauyi ba. A ina ka karanto?"

Abdulfattah ya tuna da shafin da ya yi bayanin hakan. Shafin yana cikin takardun da ya tara, tsallake shi ya yi, don a ganinsa maganar kafintoci ce.

Yazid ya hango dattijon, ya yafito shi. "Ya Hajj, hannunka ne wannan ko?"

Baba Audi ya dubi ɗansa, ya dubi jama'a, ya ce, "A'a, aikin Muhandis ne. Ni najjar ne da nake taya shi aiki."

Kalma bai canja ba. Ya maimaita ƙaryar ɗansa don ya rufa masa asiri.

Jama'a, kunyar da ta kama Abdulfattah a wurin nan ban san da me zan kwatanta ta ba. Ya ji ya tsani sunan Muhandis ɗin. Ya riƙe hannun mahaifinsa mai gam, ya ce wa Yazid, "Mahaifina ne. Ni na ɓata, shi ya gyara. Na ji kunyar nuna shi, shi kuma bai ji kunyar rufa mini asiri ba."

Sannan ya juya, da Hausarsa da ta yi tsatsa, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya ce, "Tun a warsha na yafe. Amma a ranar da ka faɗa, ban iya cin abinci ba."

Abdulfattah bai ƙara iya kallon jirgin ba har aka tashi.

Darasi: Duk matsayin da ka taka, kada ka ji kunyar hannun da ya ciyar da kai har ka kai can. Iyaye sukan yafe tun kafin a roƙe su, amma maganar tana yi musu ciwo. Ku tura wannan ga 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ya kamata ya kira mahaifinsa yau.